Dashe a Gonar Aro

A daminar shekarar 2015 Muhsina ta dasa itatuwa a gonar mahaifinta, kuma har ranar da aka kafa allo a bakin gonar ba ta san cewa gonar ba tasa ba ce.

Lokacin tana shekararta ta biyu da wani kamfani na Gusau da ke son samar da itatuwan katako a yammacin jihar. Dalilin zuwansu ba ɓoyayye ba ne. Giginyar da ake azara da ita ta yi ƙaranci a dazukan Anka, madaci sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga wanda ya isa yanka, katakon rufi kuwa daga Kudu ake lodo shi ya iso da tsada. Ga masu haƙar zinariya sun cika Anka da Bukkuyum, kowane rami yana son itacen tokarewa, kullum gatari na cikin daji. Aikin Muhsina shi ne ta gano abin da zai yi a wannan ƙasa da inda zai yi. Ta ɗebi ƙasa a wurare da dama, ta wajen Abare kuma sai da aka gwada ta saboda gubar dalma. Ta leƙa rijiyoyi a tsakiyar rani don ta san zurfin ruwa. A Gummi, kusa da gulbi, ta yi renon itatuwan turare da malaina da madaci a cikin ledoji, tana lura da wanda gara ke ci da wanda ke jure ƙishirwa. A ƙarshe ta fito da tsari mai kyau: a haɗa turare mai saurin girma da madaci mai jinkiri, ta yadda kullum akwai na yanka kuma akwai mai tasowa, manomi kuma ya ci gaba da shuka wakensa da gyaɗarsa a tsakanin layuka kafin inuwa ta rufe.

Kamfanin ba ya son sayen fili. So yake manoma su dasa a gonakinsu, idan itace ya isa ya saya. A nan aikin ya cije. Sun yi taro a Anka, sun yi a Bukkuyum, sun yi a ƙauyukan Gummi. Muhsina ba mai iya magana a gaban jama'a ba ce. Muryarta takan maƙale, idonta na kan hannayenta, sai shugabanta Malam Sagir ya karɓi zancen ya ƙarasa. Mutane su saurara, su ce madalla, su yi addu'a, su watse, babu wanda ya ce a zo gonarsa. Ta san al'adar nan cewa wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace a cikinta, domin dashen itace kamar cewa ne nan nawa ne. An koya musu a jami'a, kuma a kowane taro sai ta tambaya ko akwai masu noman aro. Ba ta taɓa samun wanda ya ɗaga hannu ba. Sai ta ɗauka rashin yarda ne kawai, idan suka ga abin da idonsu a gonar wani nasu za su saki jiki. Ta gaya wa Malam Sagir cewa mahaifinta na da gona a ƙauyensu, gefen Gummi, a bakin hanya, inda kowa zai gani ranar kasuwa.

Ita 'yar fari ce, kuma a gidansu ana riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Mahaifinta, Malam Mamuda, bai taɓa kiran sunanta ba, ba su taɓa zama su biyu suna hira ba. Inna ma haka. Gwaggo Inno, ƙanwar mahaifin nata, ita ta goya ta, kuma ta bakinta saƙo ke bi tun Muhsina na makarantar kwana. Don haka Gwaggo ta kira a waya. Gwaggo ta ce za ta gaya masa. Bayan kwana biyu amsa ta zo: ya ce to, Allah ya sa albarka.

Da ruwa ya zauna aka kawo tsirrai a bayan akori-kura. Muhsina ta zaɓi ɓangaren arewa na gonar, wanda ya fi girma, ta ja igiya, aka haƙa ramuka. Malam Mamuda ya yi aikin tare da leburori, shi ya fi kowa dashe, bai ɗaga kai ya dube ta ba, ita kuma ba ta ga wani abin mamaki a nan ba. Da aka gama, mutanen kamfani suka kafa allon ƙarfe mai fenti kore, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan gonar gwaji ce, gonar Malam Mamuda. Ta ɗauki hoton allon, ranta fari. Gani take karon farko kenan da karatunta ya taɓa gidansu da wani abin a zo a gani.

Ranar wata Juma'a ta zo gida ta tarar da shi wani iri. Inna ta amsa gaisuwarta daga cikin ɗaki. Ƙannenta sun yi tsit. Gwaggo Inno na bakin murhu tana tsince shinkafa, ta ce mata ta jawo kujera.

A hankali Gwaggo ta warware mata. Gonar ta gidan tsoho Gwadabe ce. Kakan Muhsina baƙo ya zo garin, wata shekarar yunwa, mahaifin Gwadabe ya ba shi wurin ya noma ya ci. Kakan ya rasu, Mamuda ya ci gaba, ba wanda ya ce masa tashi, ba wanda ya ƙara ambaton zancen. Damin gero da ake kai wa gidan Gwadabe duk kaka, wanda Muhsina ta taso tana gani tana ɗauka zumunci ne, shi ne shaidar. To, shekaranjiya Lirwanu, babban ɗan Gwadabe, wanda ke harkar kai kaya ramukan zinariya a Bukkuyum, ya biyo hanya a kan babur ya karanta allon. Jiya aka aiko. Idan Mamuda ya cire amfanin bana, ya bar musu gonarsu.

Wannan gonar ita ce tuwon gidan, ba su da wata sai ɗan guntun fadama da bai kai ya kawo ba. Muhsina ta tambaya don me ba a gaya mata ba.

"Mi za a ce miki?" in ji Gwaggo. "Na ce mishi in hwaɗa miki, ya hana. Ya ce tun da anka haihe ki ba ki taɓa roƙonshi komi ba, sai wanga. Ya buɗe baki ya ce ma ɗiyarshi shi ba ya da gona?"

Ya yi niyyar zuwa wurin Gwadabe ya nemi izini kafin a dasa, in ji Gwaggo. Sau da yawa ya sa hula ya fita, ya kai ƙofar zauren, ya gaisa, ya dawo bai faɗa ba. Yau ko masallacin Juma'a a sahun baya ya tsaya, yana sallamewa ya sulale. Garin duk an ji. Yara da matasan da ba su taɓa sanin gonar ta aro ce ba yanzu sun sani.

Muhsina ta tuna tambayar da take yi a taro, a gaban dagaci da liman da surukan mutum, wai mai noman aro ya ɗaga hannu. Ta tuna yadda mazan kan sunkuyar da kai suna wasa da tsakuwa. Da la'asar ta aiki ƙannenta suka tuge allon, suka shigo da shi gida a kife.

Washegari da hantsi ita da Gwaggo suka tafi gidan Gwadabe. Suka shiga ta wurin matan gidan, aka yi musu iso. Tsohon na zaune a kan buzu a inuwar rumfa, idonsa ya yi rauni, carbi a hannu. Lirwanu na gefe a kan benci yana latsa waya. Muhsina ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe su.

"Wa nika ji haka? Matata ce?" Gwadabe ya ce, da wasan nan na kaka da jika. "Ashe kina tunawa da ni. An ce kin yi boko kin hi ƙarhin tsoho, har kin rubuta takardar sakinki da kanki kin kahe ta bakin hanya kowa shi karanta."

Gwaggo ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Muhsina ta kasa. Kanta a ƙasa ta faɗi abin da ta kwana tana shiryawa: laifin nata ne, ita ta matsa, an riga an cire allon, gobe kuma za ta kawo mutane a tuge itatuwan gaba ɗaya, ko ɗaya ba za a bari ba. Ta roƙe shi don Allah ya bar wa Baba gonar.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi ba fushi ya yi ba, shi da Mamuda ba su taɓa sa-in-sa ba. Abin da ya ba shi tsoro shi ne itace ya fi mutum daɗewa. Shi yau ne ko gobe, Mamuda ma ba yaro ba ne. Wata rana jikokinsa da nasu za su tsaya a gindin madaci ana tambayar wa ya dasa, kuma amsar ita za ta raba gardama. Amma tunda ta zo da kanta, in an tuge, magana ta wuce. Mamuda ya ci gaba da nomansa kamar yadda ubansa ya yi.

Gwaggo ta shiga godiya, tana ambaton iyayensa da alheri. Har Gwaggo ta gyara mayafi za su tashi, sai Lirwanu ya ajiye waya.

"Ƙanwata, kafin ki tahi," ya ce. "Wanga turaren naku, shekara nawa yaka yi kahin shi isa tokare rami?"

Ta ce idan an kula da shi, biyar ya isa, wani ma kafin nan. Ya ce ai shi ya ji an ce in an sare turare shi kenan. Ta ce a'a, kututturen kan sake tofo, a bar masa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sake yanka, har sau uku ba a yi sabon dashe ba. Ya gyara zama. Ya tambayi gara, ta gaya masa irin da ta zaɓa da dalili. Ya tambayi madacin, me ya sa aka haɗa shi da turare.

Shekara biyu tana ɗauke da waɗannan amsoshi a cikinta, ba wanda ya taɓa tambayarta don yana son ji. A taro mutane kan jira ta gama ne kawai. Yanzu ga mutum ya zuba mata ido, kowace amsa na jawo wata tambayar, kuma tambayoyin na wanda ya san itace ne. Hankalinta ya riga ya kwanta, sai bakinta ya buɗe. Ba ta san lokacin da ta ɗago kai ba. Ta zana masa layuka a ƙasa da tsinke. Ta gaya masa yadda dazukan Anka ke ƙarewa, da yadda nan da 'yan shekaru mai itace a gona shi zai faɗi yadda yake so a saya. Gwaggo ta yi gyaran murya, ta sake yi, ta taɓa mata ƙafa. Muhsina ta matsa kaɗan, a zatonta ta takura ta ne. Har ta ƙara da cewa a duk wuraren da ta gwada daga Anka zuwa Gummi, ba ta ga ƙasar da ta kai ta arewacin wannan gona ba, ga zurfi, ga ruwa kusa.

Da ta rufe baki, sai Lirwanu ya juya wurin mahaifinsa.

"To Baba, in haka ne, don mi za a tuge?"

Gwadabe ya ce ai ya riga ya yi magana. Lirwanu bai ɗaga murya ba. Ya ce ba wanda ya ce a kori Baba Mamuda. Amma ga itace an riga an dasa a ƙasarsu, ya kama, tuge shi ɓarna ce. Shi kullum sayen itacen tokare yake yi a hannun mutanen da ke sato shi daga daji. Gidan nan akwai ƙanne da jikoki, kuma kowa ya san wa ke ɗauke da su. A bar itatuwan, ɓangaren da suke ya dawo gida, Baba Mamuda ya riƙe na kudu. Tsohon ya juya fuskarsa wajen da Muhsina take, ko da yake ba lalle yana ganinta ba. Ya buɗe baki kamar zai yi wani wasan, sai ya fasa. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ɓangaren kudu jigawa ce, rairayi, gero ma sai shekarar ta yi kyau. Muhsina ta fi kowa sani, ita ta auna shi.

A hanyar komawa suka zo kusa da gida. Nan Gwaggo ta tsaya ta gyara takalminta, ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ke da ba ki magana."

Ba ta san yadda aka gaya wa mahaifinta ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta dai ji shi da yamma yana ce wa Inna Gwadabe ya yi musu mutunci, wani da duka zai karɓe. Da ya zage ta, ko ya aiko Gwaggo da faɗa, da ta sami abin riƙewa. Washegari ta koma Gummi tun kafin a dama kunu.

Bayan kaka aka raba gonar. Dattawa biyu suka taka iyakar, aka dasa gamba a kanta. Lirwanu ya je Gusau da kansa ya shiga tsarin kamfanin, shi ne mutum na farko a ƙananan hukumomin uku, aka kuma sake kafa allon da sunansa. Malam Sagir ya kira Muhsina yana murna, ya ce ta buɗe musu ƙofa, ashe tun farko wurin masu ƙasa ya kamata su nufa, ba taron kowa da kowa ba. Kafin wata ya ƙare wasu masu gonaki daga Bukkuyum sun aiko suna tambaya.

Muhsina ta sami Malam Sagir a ofis ta gaya masa abin da ke zuwa. Duk mai gonar da ya ji wannan lissafi zai tuna da wadda ya ba da aro, kuma mutanen da ke cikinta ba za su yi ƙara ba, ba za su ma faɗa ba. Ba ta ce masa a gidansu aka fara ba, sai da ya tambayi abin da ya sa allon ya canja suna. Ya ce Allah ya kyauta. Ya yarda kafin a karɓi kowace gona ita za ta je ta bincika a asirce, ta wurin mata da maƙwabta, ko akwai mai nomanta, in akwai kuma sai an yi da shi. Manyan kamfanin suka ce hakan na jawo jinkiri. Wani lokaci a saurare ta, wani lokaci ta iso ta tarar an riga an gama magana. Ta ceci wasu gonakin, wasu sun wuce ta.

Gero bai kai su ko bazara ba a shekarar da ta biyo. Muhsina na aiko da abin da ta samu ta hannun Gwaggo, ana karɓa, amma Malam Mamuda ba mutumin da zai zauna 'yarsa ta ciyar da shi ba ne. Da Lirwanu ya nemi masu yi wa itatuwan noma da sassabe, sai ga shi cikin masu neman aikin. An ce Lirwanu ya ji nauyi, ya ce Baba ya bari a ba yara. Malam Mamuda ya ce shi ya san wurin, kuma aiki aiki ne.

Duba wannan gona na cikin aikin Muhsina, ba yadda za ta tura wani. Ta je wata safiya a farkon damina ta uku, lokacin rage rassa. Turaren ya wuce tsayin mutum, layi-layi, ganyensa na ƙamshi bayan ruwan daren jiya, madacin kuma na bin sa a hankali. Ko a gonakin gwajin kamfanin ba ta ga wanda ya yi kyan wannan ba. Ma'aikata huɗu ne, uku baƙi, tsofaffin masu haƙa da ramukansu suka ƙafe. Ta tara su ta nuna musu yadda ake yanke reshen ƙasa dab da jiki ba tare da an ji wa ɓawon ciwo ba, don itacen ya miƙe sambal. Mahaifinta na tsaye a ƙarshensu, da tsohuwar rigarsa ta gona, yana kallon wuƙar da ke hannunta. Da ta gama kowa ya kama layinsa.

Tana cikin auna kaurin wani turare, ɗaya daga baƙin, wani mai suna Nuhu da ya zo daga wajen Katsina, ya matso yana goge gumi. Ya nuna mata layin ƙarshe da haɓa.

"Hajiya, in za ku ƙara wa wani, ku ƙara wa dattijon can. Kafin mu zo ya zo, sai mun tafi yake tafiya. Har ciyawar da ba a sa shi ba cirewa yake. Ko ɗan garin nan ne?"

Ta ce eh, ɗan garin ne.

Nuhu ya tsaya ko za ta ƙara wani abu. Ta sunkuya ta zagaya igiyar awo a jikin itacen, ta duba, lambobin suka ƙi tsayawa a idonta, ta sake zagayawa. Da ya ga haka sai ya koma bakin aikinsa. Daga can ƙarshen gonar ana jin sarar wuƙar Malam Mamuda, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, yana matsowa ta layin da take. Itatuwan da suka rage mata ta auna duk a wannan layin suke. Ta naɗe igiyar a hannunta, ta matsa zuwa na gaba.